Bakin teku cikin Afrilu: wa ya san hanya, kuma me za a gani?

Malamin Kimiyya (Birnin Kebbi): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanya. In Allah ya kai mu hutun zango na biyu, wato cikin Afrilu, ina so in kai iyali bakin teku: ni da maiɗakina da yara da ƙanena. Kullum ina zana wa ɗalibai teku a allo, ina yi musu bayanin yadda ruwa ke cikowa yana janyewa, alhali idona bai taɓa sauka a kansa ba. Ba birni nake so ba, hayaniyar Legas ba ta gabana. Ƙaramin gari nake nema inda yara za su ga tsuntsaye da kunkurun teku, in da rabo har da kifin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku. An ba ni sunaye biyu, Badagiri a jihar Legas da Gran-Popo a Jamhuriyar Benin. Wanne ya fi?

Ɗan Masunta (Argungu): Wa alaikumus salam. Malam, ni hwa ban gane ba. Mutum shi bar Matan Fada, shi bar gulbin Yawuri, shi kwashi ɗiya shi tahi wata ƙasa kallon ruwa? Mi ag ga ruwan can wanda babu ga namu?

Bazamfare (Gummi): Gishiri.

Ɗan Masunta (Argungu): To shi saye na ɗari biyu kasuwa shi zuba ma randa, an gama.

Alhaji Mai Motoci (Kamba): Ku bar Malam ya samu amsa mana. Malam, ni Kwatano wurin cin abincina ne, kuma na san duka garuruwan biyu. Badagiri gari ne na tarihi. Akwai tsohon benen nan na 1845 da ake cewa shi ne na farko a Najeriya, akwai gidajen ajiye kayan cinikin bayi, sannan a ɗauke ka a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, ka taka har inda aka riƙa loda bayi a jirgi a da. Kwakwa kam sai ka gaji da gani. Amma in dabbobi da tsuntsaye ne a ranka, Gran-Popo ta fi ta nesa ba kusa ba. Daga Kwatano kilomita tamanin da wani abu ne ta yamma, dab da iyakar Togo. Garin siriri ne, teku a gabansa, kogin Mono a bayansa. Babu cunkoso, da dare ba ka jin komai sai rugugin ruwa.

Maman 'Yan Biyu (Jega): Alhaji, Afrilu fa ya ce. Mu nan a Afrilu ko inuwar darbejiya ba ta ceton mutum. Can sanyi ake yi?

Alhaji Mai Motoci (Kamba): Hajiya, ba sanyi. Zafinsu bai kai namu ƙuna ba, amma akwai gumi. Nan rana ta gasa ka ka bushe, can kana fitowa daga wanka rigarka ta sake jiƙewa. Abin da ke taimako iskar teku ce, daga azahar zuwa dare. Kuma cikin Afrilu ruwan sama ya fara sauka a can, babbar daminarsu daga nan take kamawa har zuwa Yuli. In ka je farkon wata za ka samu yawancin ranaku garau.

'Yar Zuru: Sannunku. Yaya Malam, bari in rage maka buri tun kafin ka yi wa yara alkawarin da za su riƙe ka da shi. Kallon tsuntsaye na karanta kuma shi nake yi, don haka zan ɗan yi tsawo.

Wel dai ka cire shi daga lissafi. Masu zuwa gaɓar Benin daga can ƙarshen kudancin duniya suke tasowa, wajen ruwan ƙanƙara, su zo ruwan ɗumi su haihu. Lokacinsu daga wajen Agusta ne zuwa Nuwamba. A Afrilu suna can kudu suna kiwo. Kuma ko a lokacinsu sai an shiga jirgi an nausa cikin teku, ba daga bakin gaɓa ake zama a jira su ba.

Kunkuru ma kusan haka. Matan suna fitowa yin ƙwai ne galibi daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, da dare. Uwar za ta jawo jiki har inda ruwa ba ya kaiwa, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe, ta koma ruwa, shi ke nan ita da su. Zafin rairayi ne ke ƙyanƙyashe su cikin kamar wata biyu, kuma zafin ne ke raba maza da mata: rairayi mai zafi ya fi ba da mata. To ka lissafa, wanda aka binne a Janairu ya fita tun Maris. Akwai masu gadin ƙwai a Gran-Popo, da ƙungiyar Nature Tropicale da ta daɗe tana aikin, suna kwashe ƙwai zuwa wurin da aka killace don kada karnuka da mutane su tone. Za ka iya zuwa su nuna wa yara wurin su yi musu bayani. Amma ganin uwa tana haƙa a Afrilu, wannan sai babban rabo.

Malamin Kimiyya (Birnin Kebbi): Ikon Allah. Ƙanwata kin kashe mini rabin tafiya. A intanet na ga ana ta cewa Afrilu ne watan zuwa bakin teku kallon halittu.

'Yar Zuru: Turawa ne suka rubuta don ƙasarsu, Yaya. Su a watan ne sanyi ke sakinsu, tsuntsaye na komawa gare su. To daga ina tsuntsayen ke komawa? Daga wurinmu. Nan ne ma daɗin tafiyarka yake, ban gama ba ai.

Daga Maris zuwa tsakiyar Afrilu baƙin tsuntsayen da suka yi hunturu a gaɓar Afirka ta Yamma suna shirin tashi. Za ka same su a bakin kogi suna ci ba ji ba gani, don sai sun tara kitse kafin su kama hanyar dubban kilomitoci. Da yawansu ma sun fara sauya gashi. Wanda ka gani toka-toka a Disamba, a Afrilu ƙirjinsa ya fara ja ko baƙi, kayan aure ke nan. Akwai farare masu siririn fiffike da wutsiya mai baki biyu, su tsaya cak a iska sannan su faɗo ruwa da ka su fito da ɗan kifi. Akwai masu dogon baki lanƙwasasshe da ke zaro ƙaguwa daga rami. In ka samu madubin hangen nesa ka duba ƙafafunsu, wani lokaci za ka ga zoben ƙarfe da aka sa musu a Ingila ko Holan. Ga na gida kuma da ba sa zuwa ko'ina: zalɓe, balbela, da masu kamun kifi kala-kala.

Wurin da za ka nufa shi ne Bouche du Roy, inda Mono ke shiga teku. Ana hawa kwalekwale a bi kogin a gangara. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da ake karewa a 2017, Benin da Togo suka haɗa. Ka fita da asuba, bayan salla kai tsaye. In rana ta take, tsuntsu ya shige inuwa, kai kuma ka biya kuɗin jirgi a banza.

Kawu Bayawuri: 'Yata, duk abin nan da kika lissafa, wanne ne babu a Yawuri? Zalɓe muna da shi. Agwagin Turai suna sauka fadamunmu da hunturu, kowane mafarauci ya san su. Dorina kuwa har gonar shinkafa take biyo mu, mu da muke neman tsari da ita wani zai biya kuɗi ya gani. Ayu ma yana cikin ruwan nan, ko da yake ya yi wuyar gani yanzu. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan da 'yan boko. Yaro ya tashi a Kebbi bai taɓa zuwa bikin Rigata na Yawuri ba, bai san gidan tarihin Kanta ba, amma a ɗauke shi sai ƙasar Faransanci. Kuɗin motar nan kaɗai zai kai yaran Yawuri da Argungu da Zuru su dawo da canji.

Bazamfare (Gummi): Zuru kuma me za a gani, Kawu? Duwatsu da masu gardama.

'Yar Zuru: Bazamfare, ka bari manya su gama magana, zan dawo kanka.

Kawu, ban ƙi taka ba, kuma da ni ce da iko da kowace makaranta a jihar nan ta kai yara fadama da hunturu. Amma akwai abin da kogi ba zai nuna wa yaro ba. Gulbin Yawuri sau nawa yake cika ya janye? Da lokacinsa a shekara. Teku sau biyu yake yi a kwana ɗaya, kusan awa shida yana hawa, shida yana sauka, wata ne ke jan sa. Inda ka tsaya da safe a busasshiyar ƙasa, da hantsi ruwa ya rufe shi. Kuma duk rayuwar wurin da wannan take tafiya. Ruwa na janyewa laka ta bayyana, sai ƙananan ƙaguwa su fito dubbai, namijin da hannu ɗaya ƙato yana ɗaga shi sama. Akwai wani kifi mai idanu a tsakar ka da ke fitowa tudu yana tsalle a laka, har ya hau saiwa. Itatuwan mangurof kuma suna tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsun hannu da aka kafa a ƙasa, kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, ta manne musu. Cikin saiwoyin nan 'ya'yan kifi ke girma kafin su fita teku. Malamin kimiyya ya tsaya da ɗansa a wurin awa biyu, ya gama darasin zango guda.

Ɗan Masunta (Argungu): Kifi shi hau icce? Wanga kam sai na gani da idona.

Alhaji Mai Motoci (Kamba): Yana nan, na gan shi. Bai fi ɗan yatsa biyu ba. Amma kai musamman, Ɗan Masunta, in ka je akwai gargaɗin da zan yi maka, kuma Malam ya ji don ƙanensa. Mutanenmu na bakin gulbi su ne suka fi shiga haɗari a can, saboda suna ganin sun iya ruwa. Tekun Gran-Popo ba a wasa da shi. Gaɓar tana da gangare, taku kaɗan ƙasa ta ɓace a ƙafarka, igiyar ruwa ta buge ka ta ja ka ciki. Na taɓa tsayawa ina kallon wani saurayi ɗan uwanmu, ya tuɓe riga yana cewa shi a ruwa aka haife shi. Ruwan ko gwiwa bai kai masa ba, igiya ɗaya ta kwashe ƙafafunsa, ta biyu ta nannaɗe shi. Masunta ne suka jefa masa igiyar taru suka jawo shi, bakinsa cike da rairayi, wando ya tafi. Su kansu 'yan garin da aka haifa a wurin ba ka ganinsu suna iyo don nishaɗi. Yara su tsaya inda kumfa ke ƙarewa, hannunsu cikin na babba.

Ɗan Masunta (Argungu): Alhaji, mu da munka gaji ruwa tun kakanni? Da gora ɗaya nike ƙetare gulbi.

Alhaji Mai Motoci (Kamba): Ka je da gorar, za a tsinto ta a Lome.

Maman 'Yan Biyu (Jega): Ni maganar kwalekwalen ce ta tsaya mini. Tun hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Wara a 2021 gabana ke faɗuwa in an ce jirgin ruwa. Malam, don Allah kada ka sa yaran mutane a jirgi ba rigar ruwa. In mai jirgi ya ce babu, ka nemi wani. Kuma uwar yaran fa, an tambaye ta tana so? Ku maza kun iya yanke tafiya a zaure, mu a bar mu da haɗa kaya da jinyar mai amai a mota.

Malamin Kimiyya (Birnin Kebbi): Hajiya, ita ta fara kawo maganar ma. Rigar ruwa kuma na ɗauka, ko saya zan yi in tafi da ita.

Malam na Gwandu: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Tafiya don ganin halittar Ubangiji abu ne mai kyau, Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Abu biyu zan ƙara. Na farko, yankin nan na Gran-Popo da garin Wida da ke kusa da ita cibiyar addinin gargajiyarsu ne, har hutu suke yi masa cikin watan Janairu. Za ku ga wuraren tsafi a bakin hanya da cikin ƙauyuka. Ku wuce da mutunci, ba zagi, ba nuni da yatsa, ba kuma shiga abin da bai shafe ku ba. A yi wa yara bayani tun a gida. Na biyu, abinci. Kifi ya wadatar, a tsaya a kansa, a bar naman da ba a san yankansa ba.

Bazamfare (Gummi): Allah gafarta Malam, tambaya. Wurin nan da kogi ke haɗuwa da teku, shi ne wanda aka ambata a Suratur Rahman, ruwa biyu da ba sa cakuɗuwa? Kuma kunkurun teku ya halatta a ci?

Malam na Gwandu: Ayar tana nan, ta 19 da ta 20, akwai kuma ta 53 a Suratul Furƙan da ta ambaci ruwan daɗi da na zartsi. Amma ban yarda da masu ɗaukar bidiyo su nuna wani wuri su ce nan ne ayar take nufi ba. Malaman tafsiri sun yi maganganu da dama, kada mu ƙuntata abin da yake yalwatacce. Game da kunkuru, a mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa halal ce, hadisi ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Sai dai halaccin abu daban, dokar ƙasar da ka shiga daban. In hukuma ta hana kama shi don kada ya ƙare, ka bi, ba ka da hujjar saɓawa don kwaɗayi.

'Yar Zuru: Na gode Malam. Kuma an hana ɗin, ƙwan ma haka. In wani ya zo muku da ƙwai ko ƙoƙon bayan kunkuru yana tallatawa, kada ku saya. Bazamfare, ka ji, ba a tsarabar kunkuru. Ruwan kuwa yana cakuɗuwa, sannu a hankali. Na kogi ya fi sauƙi sai ya bi ta sama, na gishiri ya fi nauyi ya shige ta ƙasa, shi ya sa ake ganin launi biyu na ɗan nisa. Yaya Malam, ka tafi da kwalba, ka sa yara su ɗanɗana ruwan a wurare uku kuna gangarawa, za su ji gishirin yana ƙaruwa.

Kawu Bayawuri: Har yanzu ban ji abin da zai sa a tafi Afrilu ba. Ita da kanta ta ce kunkuru da babban kifin sai wajen Oktoba. To a jira mana.

Malamin Kimiyya (Birnin Kebbi): Kawu, Oktoba muna aji. Hutun Disamba kuma kuɗin mota ya ninka, ga bukukuwa. Afrilu ne kaɗai nake da sarari.

Alhaji Mai Motoci (Kamba): Kuma akwai abin da sai da rani ake ganinsa, Kawu, kai ma zai burge ka. Kusa da Wida akwai ƙauyen Jegbaji, mata ne ke dafa gishiri. Su kankare ƙasar fadama mai gishiri, su zuba a manyan kwanduna, su kwarara ruwa, ya tsatso ta ƙasa. Sai su jefa ƙwarar kwakwar manja a ruwan, in ta taso sama to ya yi ƙarfi, a ɗora a wuta har ya zama gishiri fari tas. Ruwan sama na kankama aikin ya tsaya. Malam in ya je farkon Afrilu zai iya tarar da su a kai.

Kawu Bayawuri: Ai wannan aikin Foga ne! Haka ake yi a kwarin Foga, ta wajen Gaya. Kakanninmu da shi suka ci tuwo, fatake na kawo shi kan jakuna. Ashe har bakin teku haka suke yi.

'Yar Zuru: Haka ne Kawu, sai dai can itacen da suka daɗe suna hura wutar da shi mangurof ne, shi ya cinye dajin a wurare da yawa. Yanzu ana ta dasa sabo, wasu ƙauyukan ma dodonsu na Zangbeto suka sa ya tsare wurin, ba mai taɓawa. Tekun shi ma yana cin garin. Tsohuwar Gran-Popo ta zamanin Faransawa, wani sashenta yana cikin ruwa yanzu, sauran gine-ginen suna nan a tsaye ba rufi.

Wani abu kuma, Yaya. Kuna dawowa gida ba da daɗewa ba shamuwa za ta iso. Ita tafiyarta daban ce, daga kudancin Afirka take zuwa ta yi sheƙa a garuruwanmu da damina. Ka sa yara su rubuta ranar da suka fara ganinta.

Ɗan Masunta (Argungu): To masuntan can da mi su ka kamu? Homa ko taru?

Alhaji Mai Motoci (Kamba): Taru, amma irin wanda ba ka taɓa gani ba. Jirgi ya fita da shi da safe ya zagayo, sannan mutane su yi layi biyu a tudu suna ja, maza da yara, da waƙa, awa da awanni. Mata na zaune da kwanoni suna jira. In ka kama igiyar ka taya su ba mai hana ka, har a ba ka na miya.

Ɗan Masunta (Argungu): Malam, motar taku da sauran wuri?

Bazamfare (Gummi): Wanda ya ce a zuba gishiri a randa.

Malamin Kimiyya (Birnin Kebbi): Sai ka biya kuɗin kujerarka. Alhaji, saura hanya. Ta Kamba zan bi in ƙetare Gaya?

Alhaji Mai Motoci (Kamba): A'a. Tun juyin mulkin Nijar na 2023 hanyar gadar Gaya da Malanbil ta rikice, kada ka dogara da ita da iyali. Akwai ta Tsamiya zuwa Segbana, ka faɗa Kandi, Faraku, Bohikon, Kwatano. Ita ce gajera, amma arewacin Benin ma yana fama da 'yan bindiga, namu ɓangaren kuma ka san halin da ake ciki. Ni kaɗai ina bi, da mata da yara kuwa sai na tambayi direbobi a satin. Ɗaya hanyar ita ce ta gida: Yawuri, Kwantagora, Makwa, Jaba, Ilori, Badun, Legas, ka kwana Badagiri, ka ƙetare ta Seme. Ta fi tsawo da gajiya, amma ka ga ka haɗa garuruwan biyu ke nan. Ko wacce ka bi, ba tafiyar dare. Kuɗi ka canza sefa a iyaka ko a Zongon Kwatano, can Hausa za ka yi ta ji kamar kana kasuwar Jega, ga masallaci ga abincinmu.

Kawu Bayawuri: In ta Yawuri za ku bi, ku tsaya ku kwana, in sa a kai yaran su ga dorina tukuna. Ba na son su fara ganin ruwan wasu kafin nasu.

Maman 'Yan Biyu (Jega): Takardu fa, Alhaji? Yara ma sai da fasfo?

Alhaji Mai Motoci (Kamba): Biza dai babu, ƙasar ECOWAS ce. Amma kowa ya riƙe takardar tafiyarsa, fasfo ko ta ECOWAS, yara ma haka, a haɗa da takardar haihuwarsu. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ana tambayarsa a iyaka. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka Malam kada ka bari sai satin tafiya. Ku tafi da gidan sauro kuma, sauron bakin kogin nan ba ya jiran magariba.